Fuskar Gwaggo a Gefen Shimfiɗa

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu da safe. Ta yi sallar asuba, ta koma ta kishingiɗa, Innata ta kai mata koko ta tarar rai ya yi halinsa. Kafin azahar an yi mata sutura, maza suka ɗauke ta, mu mata muka zauna a tsakar gidanmu na Zongon Lomé muna karɓar gaisuwa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Abin da idona ya gani a zaman makokin ne ya hana ni yin shiru. Na ji tsoron kada nan gaba a tambayi yaran gidanmu wace ce Gwaggo, su nuna abin da ba ita ba.

Mutane sun yi yawa, har aka kafa rumfa aka tare hanya, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suna kewayawa ta bayan masallaci da fasinjojinsu. Kujerun roba suka kasa. Ana cikin neman tabarmi a maƙwabta sai ga Yaya, ɗan Baffanmu, wanda Gwaggo ta raina tun yana jariri bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya zo da mota cike da sababbin shimfiɗu na atamfa kala-kala, masu taushi, irin waɗanda yake yi a shagonsa na unguwar Adakpamé. Aka baza su a tsakar gida da ƙarƙashin rumfa. A kusurwar kowace ɗaya an liƙa wani ɗan farin ƙyalle mai hoton Gwaggo tana riƙe da allura, a ƙasansa an rubuta da Faransanci wai aikin hannu ne.

Haka jama'a suka zazzauna. Na ga wata mata ta cire takalmi ta ɗora dunduniyarta daidai kan fuskar Gwaggo, tana kuka tana cewa an yi rashin uwa. Wata ta shafa ɗinkin ta ce Allah sarki, baiwar Allah ba ta huta ba, dubi tulin aikin da ta bari. Ta kusa da ita ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko akwai irin wannan mai ruwan ganye, don ɗiyarta za ta tare. Samarin unguwa suna ɗaukar hoto da waya, na ji ɗaya yana gaya wa abokinsa, “C'est du fait main fa, tsohuwar da kanta take yi.” Malamin da ya yi addu'a ma sai da ya ce ga shi har bayan ranta mutane suna hutawa a kan guminta, wannan sadaka ce mai gudana. Aka shafa. Yaya yana gefe ya sunkuyar da kai.

Ko zare ɗaya na shimfiɗun nan bai bi ta hannun Gwaggo ba, kuma duk wanda yake kwana a gidanmu ya san haka.

Mutum ɗaya ce ta ƙi zama a kansu: matar marigayi mahauci, maƙwabciyarmu. Ta shigo, ta dube su, ta ture ɗaya da ƙafa, ta zauna a kan dandaryar siminti har la'asar. Aka yi ta miƙa mata, ta ce ta gode, nan ya ishe ta.

A Lomé aka haifi Gwaggo, a tsohon Zongo na cikin gari, kafin a tashi mutanenmu a dawo da su nan. Kakanninmu fataken goro ne daga arewacin Nijeriya. Ta yi aure, haihuwarta ba ta tsaya ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan mahaifinta ta zauna a ɗakin da ke kallon rijiya. A ƙofar ɗakin nan na san ta, a kan 'yar kujera, ƙafafu a miƙe, aiki a cinya.

Sana'arta ita ce ɗinka shimfiɗa. Takan bi telolin Zongo ta tattaro guntayen atamfar da suka rage, ta wanke, ta shanya, ta ware. Ta haɗa su su zama fuska ɗaya, ta sa tsofaffin zannuwan da suka sha wanki a tsakiya, ta rufe da wani a baya, sannan ta bi duka da allura, zare ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, layi kusa da layi, har abin ya kama jikinsa. Da shi ake kwantar da jariri. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna sallah a kai. Amarya takan so ɗaya a gadonta. Tana da wata guntuwar fata da take ɗaurawa a yatsa don tura allura, da dunƙulen kakin zuma da take jan zare a kai. Babba ɗaya takan ci mata wata da watanni, kuma ba a gaggauta ta. Wanda ya zo ya ce yana sauri, sai ta nuna masa hanyar Asigame, babbar kasuwa, ta ce can akwai bargon kanti.

Ba mace ce mai sauƙi ba, kada in yi mata ƙarya tana kabari. Tsakinta ana jin sa daga zaure. Kafin ta karɓi ƙyalle sai ta shinshina shi, ta murza, in ta ji roba a ciki ta jefar da shi da yatsu biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera. Duk abin da aka kawo mata a yaba, kwano ne ko riga, maganarta ɗaya ce: “Juyo mini bayansa.” Ta taɓa yin wata guda ba ta magana da Innata saboda Inna ta goge tukunya da wani guntun leshi da ta ajiye. Mu 'yan matan gidan duk ta gwada koya mana. Sai ki wuni kina ɗinki, ta karɓa, ta kalla, ta warware tas ba tare da ta ce miki komai ba. Babu wadda ta jure. Ni na tafi makaranta, yau ina sayar da magani a wani kanti, sauran kowa ta kama gabanta.

Mahaucin da na ambata, shekaru suka yi suna faɗa da ita. Ruwan wankin namansa yakan gangaro ta ƙofar gidanmu, ƙudaje su biyo. Kusan kullum sai ta fita ta tsaya a bakin kwata ta gaya masa cewa wanda ke ciyar da mutane bai kamata ya fi kowa ƙazanta ba. Shi kuma yana kiranta Hajiya Tsaki. Rannan ya faɗi a mahauta, ɓarin jikinsa ya mutu. Ya daɗe a kwance har bayansa ya fara yin gyambo. Gwaggo ba ta je gaishe shi ba. Sai dai ta buɗe akwatinta ta fito da zannuwan aurenta, waɗanda ko mu ba ta bari mu taɓa, ta yayyanka su, saboda sun fi komai laushi. Ta ture aikin mutane gefe, ta duƙufa har yatsunta suka kumbura. Da ta gama ta ba ni ta ce in kai, in ce wa matarsa a riƙa juya shi, kuma kada a sa wa shimfiɗar sabulu mai ƙarfi. Na tambaye ta ko in ce tana gaishe shi. Ta ce ba ta aike ni da wannan ba. A kan shimfiɗar ya ƙarasa kwanakinsa. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da faɗa da 'ya'yansa a kan kwatar, kamar ba a yi komai ba.

Yaya shi ne rauninta. Shi kaɗai yake shiga ɗakinta ya buɗe kwanonta ya ci ba ta yi tsaki ba. Ya yi karatu, ya shiga harkar shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, Allah ya buɗa masa, ya gina gida a unguwar Agbalépédo. Yana da kirki irin nasa, ba zan hana shi ba. Duk wata yakan aiko mata da shinkafa da mai, shi ke sayen maganin idonta lokacin da yanar ido ta fara rufe mata gani.

Wata rana ya kai wata baƙuwa Baturiya gidanmu, ta ga aikin Gwaggo ta rikice, ta ce a ƙasarsu irin wannan abin nema ne. Daga nan Yaya ya fara tunani. Ya so Gwaggo ta riƙa yi masa da yawa, ta ce hannu biyu gare ta. Bai sake tayar da maganar ba. Ashe ya samu labarin wani keken ɗinki da aka ƙera musamman don ya kwaikwayi ɗinkin hannu. Keken da muka sani layi yake ja ba yankewa. Wannan kuwa sai ya ɗinka ya tsallake, ya ɗinka ya tsallake, ya bar 'yar tazara kamar yadda allura take bari a hannun mutum. Har akwai abin murɗawa da za ka ƙara tsawon ɗinkin ko ka rage. Ya yi odarsa, ya kama shago a Adakpamé, ya ɗauki teloli.

Ranar da ya kawo shimfiɗar farko gida ina nan. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, tsakar gida cike da 'yan uwa. Ya shimfiɗa mata ita a cinya, ya ce wata mata ce ta yi, yana so Gwaggo ta duba masa. Ya fito da waya yana ɗauka. A lokacin idonta ya riga ya yi nisa, sai ta kusanto da abu dab da hanci take gani. Ta shafa, ta bi layin da yatsa, fuskarta ta saki. Ban taɓa ganin ta yi murna da aikin wani kamar haka ba.

Ta ce, “Wace ce wannan? Hannunta ya zauna. Kawo mini ita in gan ta.”

Yaya ya fashe da dariya, waɗanda suka san zancen suka taya shi. Ya ce ai ba mutum ba ce, keke ne. Gwaggo ba ta gane ba da farko, sai da ya sake faɗa. Sannan ta juya bayan shimfiɗar ta shafa. Ta baya babu tazarar, zare ne miƙe ɗoɗar kamar na kowane keke. Ta daɗe hannunta yana kai. Ta ɗauke ta daga cinyarta da yatsu biyu ta ajiye a ƙasa, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta ci abincin rana ba.

Daga baya ta gaya wa Innata cewa ba dariyar ce ta fi ci mata rai ba. Ta ce a ɗan lokacin nan ta ɗauka da gaske akwai wata yarinya a garin nan da ta zauna ta koya, har ta fara tunanin ba ta fatar yatsanta da kakin zumanta.

Yaya ya yanke hoton da ya ɗauka daidai inda ta ce hannunta ya zauna, ya sa a waya, duniya ta gani. Dariyar da juyawar duk ya cire. Ya samo wani tsohon hotonta tana ɗinki, ya buga a ƙyalle, ya fara liƙawa a kayansa. Shagunan da ke sayar wa baƙi kaya a bakin teku suka fara karɓa. Mu a gida mun sani, muka yi ta ɓoye mata, don Baba ya ce a bar tsohuwa ta huta.

Wata mai sayar da kifi, 'yar ƙabilar Mina, da suka saba tun suna 'yan mata, ita ta fasa ƙwan ba da niyya ba. Ta zo ta yi mata barka, ta ce ta ga fuskarta a wani shago, ashe ta zama babbar 'yar kasuwa ba ta gaya wa kowa ba. Gwaggo ta sa ta maimaita. Da matar ta tafi, ta yafa mayafi, ta ce in tare mata zemijan. Ita da ta yi shekaru ba ta wuce masallacin unguwa ba. Na ce ta bari Yaya ya zo gida, ta ce in ba zan tare ba za ta tafi da ƙafa. Dole na samo mana mota, muka ratsa gari har Adakpamé.

Shagon yana da zafi, yana warin sabon yadi da man keke. An tara shimfiɗu har kusan rufi. Abin da suke cusawa a tsakiya wani farin soso ne na roba. Keken yana ta aiki, ƙaf-ƙaf-ƙaf, telan da ke kai yana jin waƙa a kunne, ko kallon allurar ba ya yi. A kan tebur ga fuskar Gwaggo an bugo ta a dogon ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya, ana yankawa da almakashi. Wasu sun zube a ƙasa an tattaka. Na ɗauki ɗaya na ba ta, ta kai dab da ido ta daɗe tana kallo.

Yaya ya fito da fara'a yana cewa yau manyan baƙi gare shi. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta tambaye shi abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Ya yi ta kewaye-kewaye, ni na karanta mata na fassara.

Ta ce, “Kai, ɗan nan. Keken bai yi mini laifi ba, abin da aka ƙera shi ya yi yake yi. Sayar da kayanka, Allah ya ba ka kasuwa. Amma ka cire mini fuskata. Ban taɓa cewa na yi abin da ban yi ba.”

Ya ce, “Gwaggo, ai ɗaukaka ki nake yi. Sunanki har Turai ya kai. Kowa haka yake yi, masu sayen ma labarin suke so.”

Ya ƙara da cewa telolin nan iyali gare su, da wannan suke ci. Ya ce in an duba ai da hannu ake tura yadin a keke, don haka ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai lallashin yarinya. Na dube shi na rasa inda zan sa idona don kunya da ƙyama. Gwaggo ta tofar da yawu a bakin ƙofar shagon, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce mu tafi. Ya biyo mu har mota yana rantsuwa zai cire, wai a bari waɗanda aka riga aka buga su ƙare.

Ba su ƙare ba. Sababbi ya ƙara bugowa.

Tun daga ranar ba ta sake cin abin da ya aiko ba. In an kawo shinkafar sai ta sa a mayar, in an ƙi mayarwa ta ce a ba maƙwabta. Maganin idon ma ta daina sawa, duk da roƙon da Baba ya yi mata. Baffa ya zo ya ce ta yafe wa yaro, kasuwa ce, zamani ne. Ta ce ba ta riƙe shi da komai a gaban Allah ba, amma ba za ta ci ƙarya da miya ba. In Yaya ya zo gaishe ta takan amsa daga bayan labule. Mata suna zuwa suna ce mata sun sayi aikinta a gari, sai ta ce ba nata ba ne, su yi dariya su ɗauka kawaici take yi. Wannan ya fi komai gajiyar da ita. A ƙarshe ta daina zama a ƙofar ɗaki, ta koma ciki da aikinta, inda ba mai gani. Da lalube take yi, allura tana sukarta, ba ta fasa ba.

Bayan addu'ar bakwai muka shiga gyara ɗakinta, ni da Inna da matar Yaya, wadda cikinta ya tsufa a lokacin. Kayanta ba su da yawa. A ƙarƙashin matashinta muka sami wata 'yar ƙaramar shimfiɗa, daidai kwanciyar jariri. Saura gefe ɗaya ba a gama ba, allurar tana soke a inda ta tsaya. Layukan sun karkace, wani ɗinkin dogo wani gajere, akwai ɗigon jini da ya bushe a wuri biyu. Inna ta ce ta san da ita. Gwaggo ta fara ta ne tun ranar da ta ji matar Yaya na da ciki, ta kuma hana a faɗa. Ta ce faɗanta da uban ne, abin da ke cikin bai yi mata komai ba, kuma jikanta ba zai kwanta a kan roba ba.

Matar Yaya ta rungume shimfiɗar ta yi ta kuka. Aka kira Yaya, Inna ta gaya masa. Ya karɓa, ya zauna a bakin gadon, ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya ina kallonsa, har na ji tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, to, yau dai ta kai masa.

An haifi yarinya, aka sa mata sunan Gwaggo. Ranar suna na je Agbalépédo, na ɗauke ta, na duba abin da take kwance a kai. Ta shago ce, sabuwa fil. Na tambayi uwar ina wadda aka bar mata. Ta kawar da kai ta ce Yaya ya tafi da ita wurin aiki.

Ban haƙura ba sai da na je na gani. Tana nan a Adakpamé, an sa ta a gilashi an rataye a bango, daidai inda mai shigowa zai fara kallo, allurar tana soke yadda ta bar ta. Na tarar da shi da wasu baƙi biyu, mace da namiji, yana nuna musu ɗigon jinin da yatsa, yana bayani da Faransanci cewa haka ake yin kowace ɗaya a gidan nan, da jini da haƙuri. Da ya gan ni ya ɗaga mini hannu, ya ce musu ga ma 'yarta nan, ta taso a gabanta, za ta ba su labari.

Suka juyo suna murmushi suna jira. Na ce musu wannan ta bangon ita kaɗai ce tata, kuma ta jaririya ce, sauran duk na keken can ne. Suka dubi Yaya. Ya yi dariya ya ce ƙanwarsa ce, har yanzu baƙin cikin rashin bai sake ta ba. Suka gyaɗa kai cikin tausayawa, matar har ta dafa kafaɗata. Ina fita ana naɗe musu guda biyu.

Ya Allah, kai ka san abin da hannun baiwarka ya yi da abin da bai yi ba. Ka yi mata sakayya da nata, ka yalwata mata makwanci, ka sa ta huta.